Shekarar da Ruwa Ya Ci Gishirin Ƙarfe

Ban so rubuta wannan babin ba. Na daɗe ina kewaye shi, na rubuta labarin makarantun da na koyar da na aurarrakinku, duk don kada in iso nan. Abin da ya dawo da ni shi ne maganar da na ji ɗana Bashiru ya yi ranar sunan 'yarsa, yana ba abokansa labari cikin raha, wai mahaifinsa ya sayar da fadamar gado ya sayi duwatsu. Suka yi dariya, shi ma ya yi. Ban ga laifinsa ba, don abin da ya tashi yana ji ke nan a bakin mutanen Gummi, kuma lokacin da abin ya faru yana ƙaramin da bai riƙe komai ba sai ƙarar inji da hasken wuta. Amma ni ina wurin tun daga farko har ƙarshe, kuma yau babu wanda ya rage da zai faɗa sai ni. Saboda haka ku saurara, ku duka ukun.

Babanku ɗan maƙera ne kaka da kakanni. Yayansa, Baffanku Garba, shi ya gaji uwar maƙera da masaba, shi kuwa Babanku aka sa shi boko, ya wuce makarantar koyon sana'a, daga nan ya sami aiki a wani kamfanin narka ƙarfe can Kudu. Ni ina nan Gummi ina koyarwa a firamare, ina zaune tare da mahaifiyarsu, Inna, shi kuma yana zuwa mana da hutu. Wajen ƙarshen mulkin soja kamfanin ya durƙushe. Aka sallami ma'aikata, aka yi gwanjon abin da ya rage a sito. Abokan aikinsa kowa ya kama abin sallamarsa ya sayi babur ko fili. Babanku ya tsaya a wurin gwanjon, ya sayi wasu ganguna biyu da ba wanda ya taya sai shi.

Ranar da ya dawo, motar ɗaukar kaya ce ta sauke shi a ƙofar gida da hantsi. Sai da ƙarti suka taru kafin aka iya sauke ganga ɗaya, don nauyinsu ya fi ƙarfin girmansu. Maƙwabta suka cika zaure, wani ya ce mai ne, wani ya ce fenti. Babanku ya kwance murfin a hankali, sai ga gutsattsarin duwatsu masu launin toka, suna ɗan ƙyalli kamar cikin sabuwar tukunya. Inna, wadda ƙafafunta sun riga sun fara ƙin ɗaukarta, ta sa aka kai mata guda ɗaya, ta juya shi a tafin hannu.

“Ɗanjuma, mi na wanga? Duwatsu kaz zo muna da su tun daga Kudu? Na Gummi sun ƙare?”

“Ba dutse ba ne, Inna. Abin da ake zuba wa narkakken ƙarfe ne, ɗan kaɗan, ya gyara shi.”

“To, gishiri ke nan. Gishirin ƙarfe.”

Sunan da ya bi shi ke nan har kabari. A kamfaninsu ana ce masa silisayid. Ni da yake malama ce ban ƙyale shi ba sai da ya yi mini bayani yadda zan gane, kuma har yau ina riƙe da shi. Ya ce haɗi ne na silikon, abin da ke cikin rairayi, da wasu ƙarafa da ba a cika samu a ware ba, babbansu ana ce masa siriyam, dangin 'yar ƙanƙarar nan da ke ba da tartsatsi a cikin laitar kunna wuta. Ya ce ƙarfen zubi, irin na gindin injin mota da na garmar shanu 'yar kanti, yana da baƙin gawayi a cikinsa, kwance tsage-tsage kamar ɓawon ƙaiƙayi, kuma ta kan waɗannan tsagogin ne karaya take bi. Idan aka zuba wa narkakken ƙarfe wannan gishiri, sai ya cinye farar wuta da dattin da ke ciki, ya sa gawayin ya dunƙule kamar ƙwayar gero. To, karaya ba ta da hanya. Ƙarfen sai ya lanƙwasa kafin ya fashe. Ya ce amma yana da hali: idan ya yi yawa ƙarfen ya zama fari mai taurin tangaran, idan an zuba aka yi jinkirin juyewa ƙarfinsa ya tafi, kuma babban makiyinsa ruwa ne. Ko damshi bai so. Ya maimaita mini wannan har na gaji da ji.

Abin da yake nufi shi ne ya riƙa zuba wuyan garma, wato ƙarfen da ke riƙe da bakin garmar shanu. A lokacin duk yankinmu noma ya koma na shanu, kuma wuyan garma ɗan kanti da zarar ya ci karo da saiwa ko kututture sai ya ɓalle biyu. Ba ya ƙeruwa, ba ya jin walda. Manomi sai ya ajiye shanunsa a tsakiyar damina ya tafi neman wani har Gusau ko Sakkwato. Baffanku Garba ya fi kowa sanin haka, don wurinsa ake kawo karyayyun yana mayar da masu su. Da Babanku ya gaya masa zai yi ƙarfen zubi mai lanƙwasawa, bai ko ɗago daga aikinsa ba.

“Ƙarhen zubi ba shi jin masaba, Ɗanjuma. Baba bai gani ba, kakanmu bai gani ba. Amma tunda ka ce, mu gani.”

Duk da haka ya taya shi. Suka gina murhu a bayan maƙera da tsohuwar ganga, suka shafe cikinta da yumɓu da ƙasar suri. Zugazugi ba ya iya narka irin wannan ƙarfe, sai suka ari injin niƙa suka haɗa masa fanka. Gawayin ƙirya suke sawa, da fasassun injinan mota da Babanku ke tsintowa wurin makanikai. Zubin farko ƙarfen ya daskare a cikin murhu, sai da aka fasa ginin. Na gaba ya fito duk ramuka. Akwai wanda ya fito fari fat, ya faɗi ƙasa ya tarwatse. Babanku ba ya fushi. Ya kan ɗauki gutsuren ya duba bakin karayar a rana, ya ce gishiri ya yi yawa, ko wuta ba ta kai ba. Ya rame a wannan ranin, gashin hannunsa duk ya ƙone, amma ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba. Da rana tsaka zai shigo cikin gida baƙi ƙirin, ya tsaya bakin randa yana sha yana ba ni labarin launin wuta kamar mai ba da labarin Makka.

Ranar da abin ya yi, ranar kasuwa ce, maƙera cike da manoma. Na leƙo ta kan katanga ni da Inna, an ajiye mata kujera. Babanku ya miƙa wa yayansa wuyan garma ɗan kanti, ya ce ya buga. Baffa Garba ya ɗora shi a kan uwar maƙera, bugu ɗaya ya rabe. Sannan ya miƙa masa nasa. Baffanku ya ɗaga masaba ya sauke. Ƙarfen ya yi ƙara, bai karye ba. Ya sake, ya sake, har gumi ya karyo masa, sai ga ƙarfen ya ɗan rusuna kamar ƙahon rago. Ya ajiye masabar, ya ɗauke shi da hannu biyu yana dubawa.

“La'ilaha illallahu. Ɗanjuma, ashe da gaske kake.”

Na gani da idona. Ku riƙe wannan, don daga baya an ce dabo ne, an ce ƙarfen sifirin mota ne ya shafa wa baƙi. Ƙarya ne. A gabana aka fasa rairayin da aka zuba shi a ciki aka fito da shi.

Kafin damina ta faɗi labari ya kai Bukkuyum da Anka. Wani Bafulatani mai noma da shanu daga Zugu, Malam Buba, ya sayi guda, ya yi huɗa da shi a gona mai kututture, ya dawo da mutanen ƙauyensu a bayansa. Murhun ganga ba ya iya biyan buƙata, kuma mai injin aro ya karɓi abinsa. Nan ne maganar fadama ta taso. Fadamar gado ce, tasu su biyu, ba a raba ba, a bakin gulbi take, tana ba mu shinkafa da albasa. Babanku ya ce a raba ya sayar da nasa kason ya sayi inji ya gina babban murhu. Baffa Garba ya ce ko kusa. Suka yi ta yi a ɗakin Inna, mu muna ji daga tsakar gida.

“Ƙasa ba ta ƙarewa, Ɗanjuma. Gangunan ga na ƙarewa. In sun ƙare hwa?”

“Kafin su ƙare, Yaya, na sami abin da zan aika a kawo wasu. Kaɗan ake sawa. Za su kai ni shekaru.”

“Shekaru na ƙarewa su ma.”

Inna ba ta goyi bayan kowa ba, kuka kawai take. Babanku ya fito ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna kusa da ni, ya ce idan na ce a'a ya bari, don abincin 'ya'yana ne. Na ce ya sayar. Ba tilasta ni ya yi ba, ba kuma rarrashi. Na ga ƙarfe ya rusuna, na ga manoma suna jira a ƙofar gida, na ce wannan ya fi albasa. Har saniyata da nake kiwo a rugar dangin mahaifiyata na sa aka kawo aka haɗa. Idan sayar da fadama wauta ce, to ta mu biyu ce, kuma har yau ban yarda wauta ba ce. Aka raba, aka sayar. Daga ranar Baffanku ya ɗauke uwar maƙerarsa ya koma gindin wata tsamiya a bakin kasuwa. Yana zuwa gaida Inna, amma idan ya haɗu da ƙanensa a zaure sai sallama kawai.

Sabon murhun ya yi aiki damina ɗaya da rani ɗaya. Gangunan suna cikin wani ɗakin ƙasa kusa da maƙera, a kan katakai, Babanku ya yafa wa rufin leda, ya hana kowa shiga da ruwa. Ya buɗe duka biyun don ya ware manyan gutsattsari da ƙanana, kuma murfin bai ƙara kamawa kamar da ba, sai ya riƙa ɗaure su da roba. A damina ta biyu, cikin marka, ya tafi Anka sayen fasassun injina. Ya ce kwana kaɗan zai yi. Bayan tafiyarsa sama ta buɗe ba ta rufe ba. Gulbi ya cika ya batse. Mun saba da ya hau fadamu ya koma, ba mu taɓa ganin ya shigo unguwarmu ba, shi ya sa ba wanda ya kwashe komai. Wata safiya bayan na ɗora koko, sai na ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyauren zaure, ja, ɗauke da kara da kashin awaki. Kafin in goya autarku ya kai idon sawu. Kafin in tattara ku ya kai gwiwa. Ina jin katangun maƙwabta suna zubewa, mata suna salati.

Sai ga Baffa Garba da amalanken shanunsa, ruwa har cikin shanun. Bai tsaya gaisuwa ba, ya shiga ya sungumo Inna kamar jaririya ya ɗora ta, ya ɗora ku. Wuri ya rage kaɗan a bayan amalanken. Buhunan gerommu suna ɗaki, ruwa ya fara taɓa na ƙasa, kuma shi ne abincinmu har kaka, tunda babu fadama. Baffanku ya dubi ɗakin gangunan, ya dube ni. Akwai samari uku da suka biyo shi.

“Malama, sawu guda za mu yi, shanun ga ba su komowa cikin ruwan ga. Ko hatsi, ko ganga guda. Ke za ki hwaɗi. In kin ce ganga, wallahi mu ɗauki ganga.”

Ya faɗi haka, shi da ya fi kowa ƙin gangunan. Ina so ku san wannan game da Baffanku. Na tsaya ruwa yana jan zanena. Na san abin da Babanku ya ce game da damshi. Na kuma san cikin marka ne, hanyoyi sun yanke, kowa a garin zai wayi gari ba shi da abin ba wani. Ke Hadiza kina kuka kina riƙe da wuyan Inna. Na ce a raina gangunan suna kan katako, an ɗaure bakinsu, ruwan ba zai kai can ba.

“A ɗauki hatsi, Yaya.”

Aka ɗauka. Muka fita zuwa makarantar firamare ta kan tudu, inda nake koyarwa, muka tarar da rabin unguwa a cikin azuzuwa. Da la'asar wani ya zo ya ce ɗakin da ke kusa da maƙera ya zauna.

Babanku ya iso bayan 'yan kwanaki, rabi a ƙafa rabi a kwalekwale, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya shigo ajin da muke, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana shafa kanku, ya durƙusa gaban Inna. Sai da ya sha ruwa sannan ya juyo gare ni. Bai tambaya ba. Ni na faɗa masa, duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya dubi buhunan da ke jingine a ƙarƙashin allo, waɗanda a lokacin gida huɗu ke ci daga cikinsu.

“Kin yi daidai, Asabe. Da ina nan abin da zan ce ke nan.”

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zarge ni ko sau ɗaya, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Da ruwa ya janye muka koma. Tun daga nesa wani wari ya tare mu, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Babanku ya daka wa mutane tsawa su ja da baya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, ya ce tururin da ke fita idan ruwa ya taɓa gishirin guba ne, yana kisa. Ya ɗaure hanci da rawani, shi kaɗai ya tone ɓaraguzan. Gangunan sun kife, murafen sun fita, laka ta cika su. Ya jawo su fili, ya shanya abin da ya iya tsincewa a kan kwanon rufi, ya yini yana amai da ciwon kai. Da farko gutsattsarin suna nan da siffarsu, har muka sa rai. Sai suka fara tsagewa da kansu, ba wanda ya taɓa su. Kullum da safe ya je ya duba, ya tarar wasu sun ruguje. Kafin kaka duk sun zama gari mai launin toka, ƙyallin ya tafi. Na sha leƙowa in gan shi tsugune gaban kwanon, ya ɗebo garin yana murzawa a tsakanin yatsu.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya gyara murhu, ya gwada da garin. Yana zubawa sai ya tashi a kan narkakken ƙarfen ya ƙone kamar dusa. Ya ƙunsa shi a gwangwani ya danna ƙasan kasko, ya ninka adadin. Wasu zubin suka fito kamar sun yi, ya buga su da masaba suka jure, sai ya ba waɗanda suka daɗe suna jira. Ashe sa'a ce kawai, ƙarfin gishirin ya tafi, wani wurin ya kama wani wurin bai kama ba. Da damina ta zagayo aka fara dawo da su. Ranar da Malam Buba na Zugu ya zo ina zaure ina shara. Ya yi sallama, ya kwance ƙullin da ke bayan kekensa, ya jera gutsattsarin wuyan garma a ƙasa a hankali kamar mai jera ƙwai.

“Malam Ɗanjuma, na farkon da ka ba ni shina nan, har yau ina aiki da shi. Waɗanga na mutanena ne, ni na kawo su wurinka. Yanzu ba ni iya zama majalisa. Ban zo hwaɗa ba. Na zo ka gaya man abin da zan ce musu.”

Babanku ya gaya masa gaskiya. Malam Buba ya jinjina kai, ya yi masa jaje, ya hau kekensa. Daga ranar ba a sake hura murhun ba.

Ya tafi neman wani gishirin. Ya je Kano, ya je Kaduna, ya koma har garin da ya yi aiki. 'Yan kasuwar ƙarfe ba su taɓa jin sunansa ba. Waɗanda suka san shi suka ce daga waje ake kawowa, jirgi guda, don manyan kamfanoni, kuma kamfanonin da ke amfani da shi duk sun rufe. Ya dawo da jakarsa kawai. Injin aka sayar aka sallami manoman da garmarsu ta karye, don ya rantse ba zai ci haƙƙinsu ba. Inna ta rasu a shekarar da ta biyo, tana ta roƙon 'ya'yanta biyu su shirya. Sun shirya, a ce, suna zama tabarma ɗaya wurin gaisuwa. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Idan wani ya kawo shawarar da ba a gane ba sai a ce, “Kai dai kada ka kawo muna gishirin ƙarfe.” Yara suna faɗa a bayansa. Ya zama mai gyaran injin niƙa da na ban ruwa, yana yawo ƙauyuka a kan tsohon babur, albashina kuma yana riƙe da gida. Ya daina ba ni labarin komai. Mutumin da a da ba ya iya cin tuwo bai yi zancen wuta ba, sai ya zauna ya ci ya wanke hannu ya tashi.

Bayan shekaru, wajen ƙarshen zamanin da nake ba ku labari, zinariya ta ɓulla a ƙauyukan bayan Anka. Kowa ya bar gona ya kama haƙa. Injinan niƙan hatsi aka mayar na niƙan dutse, suna lalacewa kullum, saboda haka aka nemi masu gyara. Babanku ya tafi wani ƙauye can, ya sauka gidan Rabi, 'yar Baffa Garba, wadda ke aure a garin, tana da 'ya'ya uku ƙanana. Na taɓa kai masa ziyara sau ɗaya da hutun makaranta. Abin da na gani ya tsaya mini. Inji yana niƙa a tsakar gida, farar ƙura ta rufe komai, tabarmi da kwanoni da gashin idon yara. Mata suna daka dutse a turmin da suke daka fura. Babanku ya ja ni gefe, ya ɗauko wani dutse mai ƙyalli ya nuna mini.

“Kin ga wannan? Dalma ce a ciki, ta fi zinariyar yawa. Mu a kamfani idan za a taɓa ta sai an rufe hanci, a bar tufafin aiki a can. Nan yara ke rarrafe a cikinta. Kada ki kawo mini yarana nan, ko da mutuwa na yi.”

“Ka gaya musu?”

“Na gaya wa mijin Rabi, na gaya wa mai unguwa, na faɗa a masallaci. Na ce a fitar da injinan bayan gari. Akwai wani mutumin Gummi a wurin, ya ce musu ai wannan shi ne mai gishirin ƙarfe. Suka yi dariya, shi ke nan.”

Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin wani. Ya zo Gummi takanas ya sami Baffa Garba, ya roƙe shi ya ɗauko Rabi da yaranta. Baffanku ya ce mace tana ɗakin mijinta, ana samun arziki, ba zai shiga ba, shi ma ya bar shiga abin da bai shafe shi ba. Babanku ya koma, don a nan ne kawai ake biyan gyara, ku kuma kun shiga sakandare. Bai daɗe ba aka kawo mana shi a bayan babur, an ɗaure shi da rawani a jikin mai tuƙi, ciki yana murɗa masa, hannuwansa ba sa iya riƙe kofi. Asibiti suka ce ƙoda. Ya yi jinyar da kuka sani, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, kansa a kan cinyata.

Ban daɗe da fita takaba ba aka fara jin yara suna mutuwa a ƙauyukan nan, da suma da sanƙarewa, gida bayan gida, kafin ma rediyo ya kama zancen. Rabi ta binne biyu. Baffa Garba ya je gaisuwa, ya dawo, bai wuce gidansa ba ya zo nan. A lokacin idonsa ya yi rauni, sanda ke ja masa gaba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa bai sha ba. Ya ce ya taho da Rabi da ɗan da ya rage, yaron ba ya gane uwarsa, ba ya riƙe wuya. Ya riƙa lalubar bakin tabarmar da yatsa.

“Malama, ke ce yake gaya wa komi. Ko ya taɓa hwaɗa maki abin da ake yi wa yaro in ƙurar ta riga ta shiga jikinai? Shi ya san abubuwan ga. Ki tuna da kyau.”

Na zauna na bi duk maganganun Babanku da ke kaina, na farko da na ƙarshe, ina neman abin da zan ba tsohon nan. Babu. Yadda za a hana ta shiga kawai ya faɗa.

“Bai faɗa mini ba, Yaya.”

Ya ce to. Ya zauna a wurin har aka kira azahar, sannan ya lalubi sandarsa, ya tashi ya tafi wurin yaron.